Abin da Mama Ta Damƙe a Hannu

SHAFI NA 23

Masu turo min saƙo tun jiya cewa na bar Mama a saman kujera na tafi yawona, na ji, kuma laifina ne. Ku gyara zama. Ku kuma sababbin shigowa, abu ɗaya za ku riƙe: yau Auta za ta tafi makarantar koyon gyaran jirgin sama, gurbin da ta yi shekara huɗu tana bi. In gobe da safe ba ta sa hannu a takardarsu ba, za su ba wani.

Ƙarar ba wata babba ba ce. Kamar dai an yar da ƙunshin wanki, sai kuma kujerar roba da ta yi tsalle ta daki ƙofa.

Baba Jiniya yana falo, ya hau kan akwatin Auta ya zauna yana kokawa da zif. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa motar asibiti kafin ya ajiye aiki, sunan kuma ya samo shi ne don muryarsa na riga shi shiga ko'ina. Mutum irinsa ba ya rikita faɗuwar kaya da faɗuwar mutum. Da gwiwar nan tasa da aka yi wa aiki, shi ya riga Auta isa ɗakin.

Mama na kwance rigingine tsakanin gado da kabad. Ɗankwalinta ya zame, idonta biyu, jini na bin tayil a hankali daga bayan kunnenta na hagu.

Auta ta faɗo ɗakin, takalmi ƙafa ɗaya. Ta duƙa za ta zura hannu ƙarƙashin kafaɗun uwarta.

"Kar ki taɓa ta."

A hankali ya faɗa. Abin da ya fi tsorata Auta ke nan, don tun da aka haife ta ba ta taɓa jin ubanta ya yi magana a hankali ba.

"Baba, a ƙasa fa take."

"Na gani. Ƙasa ta riga ta yi nata, kar mu ƙara mata namu."

Ya zaga ta wajen kanta ya durƙusa, gwiwar ta ce ƙaras, ko ta kanta bai bi ba. Ya sa tafukansa biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can, ya tallafe kan yadda ya same shi. Bai miƙar ba, bai juya ba.

"Shugaba, kina ji na?"

Haka yake kiranta tun suna da ƙuruciya, kuma duk gidan an san ba wasa ba ne zalla.

"Da wannan muryar taka wa ba ya ji?" in ji Mama.

"Alhamdulillahi, baki na nan. Wane ne ni?"

"Wanda na ce ya sayo tsani tun bara."

"Yau wace rana?"

"Ranar tafiyar 'yata. Ka ɗaga ni, mai mota zai zo ƙarfe goma."

"Ina ke miki ciwo?"

"Ba ko'ina."

"Shugaba."

Ta kau da ido.

"Ƙeyata. Sai wuya, kaɗan."

"To wuyan nan ba zai motsa ba sai masu kayan aiki sun zo. Kar ki gyaɗa kai, kar ki girgiza. In e ne ki ce e da baki. Na san ba a saba jin e daga bakinki ba, amma yau ki daure."

"Allah ya shirye ka."

"Amin. Auta, ɗauki wayata, lambar farko. Ki faɗa musu shekarunta, ki ce daga kan kujera ta faɗo, kanta ya bugu, tana magana, akwai jini, wuya na ciwo. Ki faɗa a jere, kar ki yi musu kuka, kuka ba ya shiga takarda."

Auta na cikin waya sai ga sallama da ƙarfi. Maƙwabciyarsu ce, Maman 'Yan Biyu, kofin ruwa a hannun dama, kwalbar man zafi a hagu. Jama'a, matar nan zuciyarta fara ce tas, ban hana ta ba. Amma hannunta ya fi tunaninta sauri, kuma abin da ta ɓata wajen taimako ya fi wanda ta gyara.

"Innalillahi, kun bar ta a tayil kuna kallo? Ku kama min a zaunar da ita ta kurɓi ruwa. In wuya ne ya goce ni na iya, ja ɗaya zan yi ya koma."

"Maman 'Yan Biyu," in ji Baba, "in kika ja wuyan nan ni da ke sai gaban alƙali."

"To ruwan fa? Ruwa ai ba ya laifi."

"Yau yana yi. A kwance take, za ta ƙware. In kuma aiki ya kama a asibiti, ciki ba komai suke so. Ajiye. Ki miƙo min tawul mai tsabta, sannan ki ja bargon can ki rufa mata daga ƙirji zuwa ƙafa."

"Bargo da wannan rana?"

"Wanda ya faɗi jikinsa sanyi yake ɗauka."

Ta yi ƙwafa, amma ta yi yadda aka ce. Ya nuna mata da haɓa inda za ta ɗora tawul ɗin, ya danne shi da hannun da yake tallafe da kan, ba tare da ya ɗaga komai ba.

"Yanzu Shugaba, motsa min yatsun ƙafa."

Suka motsa ƙarƙashin bargo, dama da hagu.

"Madalla. Hannun hagu, buɗe ki rufe."

Ta buɗe ta rufe.

"Na dama."

Hannun dama na nan a dunƙule a gefenta. Bai motsa ba.

"Na dama na ce."

Hannun bai buɗe ba.

Nan fa gaban Baba ya yanke ya faɗi. Sau nawa ya ga irin wannan a bakin titi? Mutum na magana garau, amma hannu ɗaya ya daina jin kira.

"Maman 'Yan Biyu, taɓa mata bayan hannun. Shugaba, kina jin tana taɓa ki?"

"Ina ji."

"To buɗe."

"Na ce maka ina ji. Ba mutuwa ya yi ba."

Ya leƙo fuskarta ta sama. Shekara talatin da huɗu suna tare, ya san idonta in tsoro ne, ya san shi in taurin kai ne. Wannan kuwa roƙo ne. Ta kalle shi, ta kalli inda Auta take tsaye, ta dawo ta kalle shi.

"Sun ce suna hanya," in ji Auta. "Baba, hannun nata fa?"

"Hannu lafiya. Ki sa ɗayan takalmin ki fita bakin titi, wajen kantin fenti. Direbobin yanzu duk sai sun wuce kwanar nan. Ki tsaya inda za su gan ki."

"In bar ta?"

"Wannan shi ne taimakon da za ki yi mata yanzu. Je ki. Maman 'Yan Biyu, ƙara min tawul guda, sannan ki buɗe get duka biyu, ki sa a janye duk motar da ta tare layi. Bakinki zai yi amfani a can."

"Kai dai ba ka rabo da baƙar magana," in ji ta, ta ajiye masa tawul ɗin kusa da hannu, ta fita tana gyara mayafi.

Ɗakin ya rage su biyu, sai fanka da ke juyawa.

Ya duba tawul ɗin farko. Ya jiƙe sharkaf. Bai cire shi ba, ya jawo na biyun da yatsu ba tare da ya saki kan ba, ya ɗora a kai ya ƙara dannewa. Ciwon bai kai tsawon ɗan yatsa ba, ya gani da idonsa. Jinin ciwo irin wannan da tuni ya tsaya.

"Sun tafi," ya ce. "Buɗe."

Yatsun suka saki ɗaya bayan ɗaya. Sacet ɗin magani ne, ya lanƙwashe saboda damƙa, an ɓalle fiye da rabi.

"Juya shi in ga bayan."

Ta juya da ɗan yatsa. Ya karanta sunan sau ɗaya. Ba ya buƙatar na biyu.

"Maganin tsinka jini."

"E."

"Na wa?"

"Jiniya, kar ka mai da ni yarinya."

"Tun yaushe?"

"Wata bakwai."

"Me suka ce?"

"Wai bugun zuciyata ya rikice, ba ya tafiya a jere. Wai in ban sha ba jini zai iya dunƙulewa ya haura kai."

Sai abubuwa suka riƙa dawo masa. Tabon da ya gani a damtsenta ta ce ƙofar kicin ce. Talatar da take cewa za ta leƙa yayarta, ta dawo a gajiye ba labari. Yadda ta koma hutawa a tsakiyar shara tana cewa waya take dubawa.

"Santsi ne ya kwashe ki, ko jiri?"

"Kujerar ce..."

"Shugaba, tambayar aiki nake miki."

"Na miƙa hannu na ɗauko, sai na ga ɗakin ya yi duhu. Ban san sauran ba."

"A saman kabad kike ajiyewa?"

"Cikin kwalin tsohuwar rediyo."

"Duk faɗin gidan nan, sai saman kabad?"

"Nan ne kaɗai gwiwarka ba za ta kai ka ba. Kai da ko takardar magani ka gani a kwandon shara sai ka tsaya ka karanta."

"Kullum kina hawa kujerar nan."

"Kullum da safe, in ka fita sayen jarida. Yau ne kuka ƙi fita, na ga lokaci na wucewa."

Wallahi ni kaina da nake rubutawa na rasa wa zan ba gaskiya. Mace mai jiri tana hawa kujerar roba kullum don ta sha maganin zuciyarta. In ba so ba, me zai sa mai hankali irin Mama ta yi wannan wauta?

Baba ya sake duban sacet ɗin da ke tafinta.

"Shekara talatin da ɗaya ina kai matan mutane asibiti," ya ce. "Tawa kuma ta hau motar haya ita kaɗai, ta zauna a layi ita kaɗai."

"Ba don na raina ka ba ne."

"To don me?"

"Don ba ka iya ɓoyo ba. Fuskarka allon talla ce. Da ka sani da safe, kafin azahar Auta ta sani."

"In ta sani fa?"

"Ka fi ni sanin amsa. Shekarar da aka yi maka aikin gwiwa wa ya ce ta fasa tafiya? Ba kowa. Da kanta ta kwance kaya, ta zauna tana juya ka a gado. Suka ba wani gurbinta. Sai da ta sake shekara biyu tana cike takardu. Bana ce ta ƙarshe, baɗi shekarunta sun wuce abin da suke ɗauka. Yarinyar da tun tana 'yar mitsitsiya in jirgi ya wuce sai ta bar abinci ta fita kallo. In ta ji kalmar zuciya, Jiniya, akwatin nan da ka sha wuyar rufewa da hannunta za ta buɗe."

Wani abu ya ɗiga a goshinta. Ya ƙara ɗiga.

"Rufin nan ya fara yoyo ne?" ta ce.

"Gumi ne."

"Gumin ido."

"Hannuna biyu suna aiki, ba halin sharewa. Ki yi haƙuri da shi."

"Bar shi ya zuba. Da ɗumi."

Ya sunkuyo har numfashinsa na taɓa gashinta. Babban yatsansa ya ɗan shafa gefen fuskarta, iyakar motsin da ya yarda wa kansa ke nan.

"Abu ɗaya nake roƙo," in ji Mama. "In sun zo ka ce santsi ne. Su ɗinke min, Auta ta gan ni ina dariya, ta hau motarta. In ta ɗaga, ka faɗa wa duk wanda kake so. Ka hau rufin asibiti ka yi shela. Awa ɗaya kawai nake nema."

"Kin san abin da maganin nan ke yi wa kan da ya bugu?"

"Sun yi min bayani."

"Ba su yi miki duka ba. Wanda kike gani a tawul ba shi ke ba ni tsoro ba. Na ciki ne, wanda ba ya fitowa. Mutum na hira da kai, yana tsokanarka kamar yadda kike yi yanzu, can ciki yana tsiyaya. Awa ɗayan da kike nema ita ce awar da likita ke nema."

"Ni dai lafiyata ƙalau."

"Duk haka suke cewa. Ni na ɗauke su."

"Ka yi min alkawari."

Ya ƙara danne tawul ɗin.

"Ban taɓa roƙonka abu irin wannan ba."

"Ba ki taɓa ba."

"To ka yi."

Daga nesa jiniya ta taso, tana ƙaruwa. Mama ta yi maza ta dunƙule hannunta, ta tura shi ƙarƙashin bargo.

"Ban yi alkawari ba, Shugaba."

"Ba ka kuma ce a'a ba."

Takun gudu ya cika gidan. Auta ce a gaba tana haki, bayanta Sista, ma'aikaciyar jinya, da jakar aiki, sai direba ɗauke da allon ɗaukar majinyaci. Sista ba baƙuwa ba ce. Shekara tara tana zaune a bayan motar da Baba ke tuƙawa, yanzu ita ma furfura ta fara leƙo mata ta gefen hula.

"Babanmu, yau kai ne mai kira?" Ta durƙusa tana sa safar hannu. "Kai, ka ga riƙon kai na asali. Mama, sannu. Kar ki amsa da kai."

"An riga an yi min wannan wa'azin."

"To ai kin samu malami. Babanmu, kar ka saki sai na gama."

Ta haska idon Mama da ɗan tocila, ta sa mata abin tallafe wuya, ta ɗaura na awon jini a hannun hagu. Auta ta zube a gefen kafaɗar uwarta, ta kama gefen bargo ta riƙe kamar za a ƙwace.

"Auta, ɗauko mata wani mayafi a ɗaya ɗakin," in ji Baba.

"Ba inda zan ƙara zuwa, Baba."

Ya so ya yafito Sista ya raɗa mata, to da wane hannu? Kuma ko ya raɗa, motar da za a ce ɗinki za ta kai ta, in ta kunna jiniya ta miƙi hanyar babban asibiti, Auta ba jaririya ba ce.

"Ta suma?" in ji Sista tana rubutu.

"A'a," in ji Mama da sauri. "Santsi ne."

"Amai?"

"Babu."

"Tana da wani ciwo? Suga, hawan jini, zuciya?"

"Ba ta da komai," in ji Auta. "Mama ta fi mu lafiya duk gidan nan."

"Tana shan wani magani?"

"Mama? Ko na ciwon kai sai an yi faɗa da ita."

Sista ta gyaɗa kai ta ci gaba da rubutu.

"To da sauƙi. Hannu da ƙafa na motsi, hankali garau. Mu fara leƙawa ƙaramin asibitin nan na kusa, su ɗinke, su duba wuyan. In ba wani abu, da yamma tana gida."

Auta ta saki ajiyar zuciya har kafaɗunta suka sauka. Mama ta ɗago ido sama, ta sami na mijinta. Leɓenta ne kawai ya motsa.

Baba ya dubi tawul na biyu. Ja ya fara fitowa ta tsakiyarsa.

"Sista."

"Na'am, Babanmu."

"Goge abin da kika rubuta."

Biron ya tsaya.

"Ba santsi ba ne. Jiri ne ya ɗebe ta, ta ga duhu, ba ta san lokacin da ta kai ƙasa ba. Bugun zuciyarta ba daidai yake ba. Tana kan maganin tsinka jini wata bakwai. Na jiya ta sha, na yau ba ta kai ga sha ba. Yana hannunta na dama."

Duk a hankali ya faɗa, a jere, yadda ya koya wa Auta ɗazu.

Sista ba ta tambayi kowa komai ba. Ta ɗaga bargo, ta buɗe yatsun Mama da lallashi, ta karanta, ta jefa sacet ɗin a aljihu. Fuskarta ta canja gaba ɗaya.

"Babban asibiti," ta ce wa direba. "Ka kira su tun yanzu su shirya na'urar hoton kai. Kawo allon."

Mama ta lumshe ido. Hawaye ya gangara ta gefe ya shige tsakanin yatsun mijinta.

"Jiniya ke nan," ta ce. "Ba a taɓa kunna ka ka yi shiru ba."

"Ki yi fushi da ni shekara ashirin, ina so. In dai kina nan kina yin fushin."

Auta ba ta yi ihu ba, ba ta kuma yi kuka ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙin kallo. Ta dubi saman kabad, ta dubi kujerar da ke kife a bakin ƙofa, ta dubi uwarta.

"Wata bakwai, Mama?"

"Auta..."

"Ranar da takardata ta fito, da kika yi ta rawa a falo har kika zauna kina dafe ƙirji, kika ce murna ce."

"Murnar ce. Da ɗan abin."

"Ni na yi ta jan ki ki tashi mu ƙara."

"Kuma na tashi. Ko yau aka sake ba ki takardar sai na taka."

Auta ta ɗauki hannun da aka ɓamɓare maganin daga ciki. Gefen sacet ɗin ya yi mata shaida ja a tafi. Ta sa babban yatsa tana murza wurin a hankali, kamar yadda ake yi wa yaro in ya ƙone. Sannan ta jawo ɗankwalin da ya zame ta rufa mata gashi, don ta san uwarta ba za ta so a fita da ita haka gaban maƙwabta ba.

"Babanmu, kai ke da kai, kai za ka ƙirga," in ji Sista.

"A uku. Gaba ɗaya, kamar katako, ba mai riga wani. Ɗaya, biyu, uku."

Suka mirgina ta, suka zura allon, suka mayar, suka ɗaure. Sai a lokacin Baba ya saki. Yatsunsa sun ƙage a yadda suke, ya kasa miƙar da su. Tashi ma sai da direba ya kama shi.

A waje rana ta take. Maman 'Yan Biyu ta yi aikinta, layin fayau, ta tsaya tana kora masu leƙe da gefen mayafi. Ana tura Mama cikin mota sai ga wata ƙaramar mota ta shawo kwana ta tsaya a baya, ta yi hon sau biyu.

Ƙarfe goma daidai.

Mai motar ya fito yana murmushi, bai san wainar da ake toyawa ba.

"Ina matafiyar? A yi sauri, babbar mota ƙarfe sha ɗaya take tashi daga tasha, kuma ita ce kaɗai yau."

Maman 'Yan Biyu, da ba wanda ya aike ta, tuni ta shiga falo ta jawo akwatin. Mai mota ya karɓa ya jefa a baya, ya buɗe ƙofa ya riƙe.

Muryar Mama ta fito daga cikin motar asibiti. Ba ta iya juyowa, rufin motar take wa magana.

"Auta, kina ji na?"

"Ina ji, Mama."

"Ban yi wata bakwai ina hawa kujerar nan don ki zauna gadina ba. Ubanki ya iya jinya, ke kika koya masa. Ki je."

"In kuma hoton ya nuna wani abu?"

"Sai a kira ki a waya."

"Ina cikin mota, awa tara daga nan."

"Auta, don Allah."

"Mutum ɗaya zai shiga," in ji Sista, hannunta a kan ƙofa. "Ku yi haƙuri, ba ni da minti ko ɗaya na bayarwa."

Baba ya riga ya ɗora ƙafarsa mai lafiya a matakin motar asibiti. Auta ta waiga ta dubi ƙofar da mai mota ke riƙe da ita. Ta juyo ta dubi tafin ƙafar uwarta da ya leƙo daga ƙarƙashin bargo. Ta matso ta kama ƙarfen ƙofar, dab da hannun ubanta.

"Baba," ta ce, "sauko."

Baba bai sauke ƙafarsa ba.